Yadda za ka binciki motarka da na'urar OBD a gida kafin ka nufi garaji

Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa a tabulo, mai siffar injin, masu motoci da yawa a Maraɗi sun saba da ita har sun daina ganinta. Shiga motar haya ta hanyar Tasawa ko ta Madarumfa ka leƙa gaban direba, sau da yawa za ka tarar tana ci. Wani ya liƙe ta da baƙin salatif, wani ya sa an cire ƙwanta gaba ɗaya. Wannan yana damuna, domin fitilar ba ta kamawa haka kawai. Duk lokacin da ta kama, ƙwaƙwalwar motar, wato ƴar kwamfutar da ke sarrafa injin, ta ga wani abu da bai yi daidai ba, ta rubuta lamba ta ajiye. Wannan lambar kuwa kai ma kana iya karanta ta a ƙofar gidanka, da wayar salularka da wata ƴar na'ura da kuɗinta yawanci bai kai na cika tanki ɗaya ba.

Fara tabbatar motarka tana da kafar

Tsarin da ake kira OBD2, wanda ke ba na'ura damar karanta lambobin ƙwaƙwalwar mota ta wata kafa da ake soka ta, ya zama dole a kan motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga ƙirar 1996. A Turai ya hau kan masu shan fetur a 2001, masu shan gazuwal kuma a 2004. Yawancin motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Lome, ko ta Ɗan Isa daga Najeriya, asalinsu daga Turai ko Amurka suka fito, don haka in taka ba ta girmi waɗannan shekarun ba, to tana da shi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Japan ko ta ƙasashen Larabawa na Gulf su ne masu gardama: wata tana da kafar amma ba ta amsa wa ƙaramar na'ura, sai babba.

Ka durƙusa ta gefen direba ka haska ƙarƙashin sitiyari. Kafa ce mai ramuka 16, takwas a sama takwas a ƙasa, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. In ba ka gan ta a nan ba, buɗe murfin akwatin fis, ko ka duba wajen tokar sigari da gindin giya.

Tsoffin Starlet da Carina da Peugeot 504 ba su cikin wannan lissafi. Haka Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda famfon gazuwal ɗinsa na ƙarfe ne zalla, ba shi da abin da na'ura za ta karanta. Tsoffin Toyota masu enjekta, wato abin da ke fesa mai cikin injin, kuwa suna da tasu dabarar: akwai ƙaramin akwati a cikin injin, in ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntun waya ka murɗa makulli, fitilar za ta riƙa ƙiftawa, kai kuma kana ƙirgawa. Gingimari da tirela, kada ka kusance su da wannan na'urar. Wutarsu bolt 24 ce, ita kuma ta bolt 12 ce.

Abin da za ka nema

Mafi sauƙi ita ce ƙaramar na'urar da ake rubuta wa ELM327. Ana soka ta a kafar, ta yi magana da waya ta Bluetooth. In wayarka Android ce, kusan kowacce za ta yi maka. Mai iPhone ya nemi mai WiFi, ko wadda aka rubuta a kwalinta cewa tana aiki da iPhone, in ba haka ba wayar ba za ta ma gan ta ba. Manhajar da za ka sauke: Car Scanner, ko Torque, ko OBD Auto Doctor. Duk suna da na kyauta, kuma na kyautar ya ishi mai farawa. Ka sauke tun kana da intanet, bayan nan karatun lambobi ba ya buƙatarsa.

Kusan duk waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne, wasu na aiki lafiya, wasu kuma ba su jin yaren tsoffin motoci. Saboda haka ka je shagon da motarka, ka gwada a gaban mai kaya kafin ka miƙa kuɗi.

Akwai kuma mai allo da igiya, wadda ba ta buƙatar waya. Ga dattijon da ba ya son wahalar manhaja, ita na fi so masa. Sai mataki na sama, wato kwamfutar tafi-da-gidanka da igiya ta musamman: Techstream na Toyota, Diagbox na Peugeot da Citroën, VCDS na Volkswagen, FORScan na Ford da Mazda. Waɗannan suna shiga birkin ABS, da jakar iska, da giyar otomatik, inda ƙaramar na'ura galibi injin kaɗai take gani. Amma kada ka fara da su. Suna iya sauya saitin ƙwaƙwalwa, kuma hannun da bai saba ba yana iya kwantar da mota lafiyayya.

Haɗawa

Ajiye motar a fili mai iska, a inuwa in da hali, ka ja birkin hannu. Kada ka yi wannan aiki a rufaffen garejin gida injin yana ci, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da ka ji warinsa ba.

Makulli yana kashe, ka soka na'urar har ta zauna daram. Fitilarta za ta kama nan take, domin rami na 16 daga batir yake ɗaukar wuta kai tsaye. In ba ta kama ba, kada ka yi saurin zargin na'urar, duba fis. A motoci da yawa fis ɗin kafar ɗaya ne da na wurin kunna sigari, wanda cajojin waya marasa kyau ke yawan ƙonawa.

Murɗa makulli zuwa inda fitilun tabulo ke kamawa duka, amma kada ka tayar da injin. A nan ka kalli fitilar injin: dole ta kama tare da sauran. In ba ta kama ba, ƙwanta ya mutu, ko an cire shi, ko an yanke wayarta. Sai ka buɗe Bluetooth a waya, ka nemo sunan na'urar, in ta nemi lambar sirri ka gwada 1234 ko 0000. Shiga manhajar, ka zaɓi na'urar, ka bar ta ta nemo yaren motar da kanta. In ta ƙi, kashe makulli, zare na'urar, jira ɗan lokaci, ka sake.

Karanta, ka rubuta, kada ka goge

A nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Maɓallin gogewa yana kusa da na karantawa, kuma ganin fitila ta mutu yana da daɗi. Amma in ka goge, ba lambar kaɗai ka share ba. A daidai lokacin da matsalar ta faru, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar bayanin halin da injin ke ciki: gudun mota nawa, juyin injin nawa, zafin ruwa nawa, nauyin da injin ke ja. Wannan bayanin shi ke gaya maka ko matsalar ta sanyin safiya ce, ko sai mota ta yi zafi a kan doguwar hanya. Gogewa ɗaya ta tafi da shi.

Don haka ka ɗauki hoton allon, kowane shafi. Ka samu ƙaramin littafi ka ajiye a mota, ka rubuta kwanan wata, da kilomita, da lambobin, da inda ka sha mai na ƙarshe. Manhajar za ta nuna maka lambobi iri biyu: waɗanda suka tabbata har suka kunna fitila, da waɗanda ƙwaƙwalwa ta gani sau ɗaya tana jira ta sake gani. Rubuta duka.

Lambar harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na injin da giya ne, C na birki da ƙafafu, B na cikin jikin mota, U kuma na maganar da ƙwaƙwalen motar ke yi tsakaninsu. Alƙalami na farko in 0 ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, ta kamfanin ce, sai ka neme ta a intanet tare da sunan motarka da shekararta. Na biyu, a lambobi masu P, yana nuna sashe: 1 da 2 mai da iska, 3 wutar buji, 4 hayaƙi, 5 gudu da silo, 6 ƙwaƙwalwar kanta, 7 giya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, lambar kamar yaro ce da ya dafe ciki yana kuka: ya nuna maka wurin, bai gaya maka cutar ba. In lamba ta ambaci sensa, wato ƴar na'urar da ke auna wani abu ta gaya wa ƙwaƙwalwa, ba ta ce sensar ta mutu ba. Cewa ta yi abin da ke zuwa ta wannan layin bai yi daidai ba. Yana iya zama ɓera ya ci waya, ko soket ya cika da ƙura, ko kuwa sensar gaskiya take faɗa, injin ne ba shi da lafiya. Kuɗi mai yawa ya salwanta wajen masu kayan gyara saboda an karanta lamba an tafi sayen abin da ta ambata.

Tayar da injin ka kalli abin da yake yi

Bayan lambobi, manhajar tana da shafin da ke nuna abin da sensoshi ke gani a wannan lokacin. A ganina nan ne amfanin na'urar ya fi yawa, kuma nan ne aka fi tsallakewa.

Da safe kafin ka tayar, duba zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga injin. Motar da ta kwana, ya kamata su biyun su yi kusa da juna, kusa da zafin gari. In ɗaya ya nuna 40 ƙasa da sifili a Maraɗi, waya ta katse ko soket ya zare. Duba batir: wajen bolt 12.4 zuwa 12.6 in yana da lafiya. Tayar, ka sake dubawa: tsakanin 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12, altaneta ba ta caji, ko bel ya saki. Batir mai rauni yana haifar da tarin lambobi marasa tushe, musamman masu U, kuma zafin bazara yana cin batir da sauri. In ka ga lambobi birjik daga sassa daban-daban, fara da batir da kawunansa.

Bar injin ya yi zafi. Zafin ruwa ya hau zuwa tsakanin digiri 85 da 100 a yawancin motoci, silo ya sauka ya zauna tsakanin juyi 600 da 900 a minti ba tare da rawa ba.

Sai ka nemo layuka biyu masu suna STFT da LTFT. Suna nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa a kan abin da aka tsara mata. Kusa da sifili shi ne lafiya, ƙasa da kashi 10 ko ta wane gefe ba abin tayar da hankali ba ne. In ya haura kashi 15 ta gefen ƙari, injin yana samun iska fiye da mai. Ga gwajin da ba ya cin ko dala: kalli alƙaluman a silo, sannan ka taka totur ka riƙe a juyi 2500. In ƙarin yana da yawa a silo amma ya sauka da ka taka, iska ce ke satar shiga ta wani tiyo da ya tsage, kuma robobin injin ba su daɗewa a ranar garin nan. In kuwa a silo lafiya lau, sai da ka taka ya hau, to mai ne ba ya isa: matatar mai ta toshe, ko famfo ya gaji, ko sensar auna iska ta yi datti.

Lambobin da za ka fi haɗuwa da su a nan

P0171 ita ce wannan matsalar ta ƙarancin mai da na gama bayani, kuma sau da yawa tana tafe da P0101, ta sensar auna iska. Lokacin hunturu ƙura ba ta barin komai. Buɗe akwatin matatar iska ka duba. In ta toshe, ko an hura ta da iskar ƴan faci har ta yage, canza ta. Sensar tana nan bayan akwatin, da sukurori biyu. Kwance ta, ka fesa mata maganin wanke sensa ko na wanke kayan lantarki, ka bar ta ta bushe da kanta. Kada ka taɓa siririyar wayar da ke ciki da yatsa ko tsumma, kada ka wanke ta da fetur.

P0300 na nufin injin yana tsallake wuta ba a silinda ɗaya ba. P0301 zuwa P0304 kuwa sun nuna silindar da abin ya shafa, alƙalamin ƙarshe shi ne lambarta. A Toyota da Honda masu silinda huɗu ana fara ƙirga daga gefen bel, a Peugeot daga gefen giya. In motarka mai kwayil ɗaya, wato abin da ke ba buji wuta, a kan kowane buji ce, ga abin yi: a ce P0302 ka gani. Kashe injin, ka musanya kwayil na 2 da na 3, ka goge lambar tunda ka riga ka rubuta, ka zaga gari. In ta dawo P0303, laifin ya bi kwayil, shi za ka saya, guda ɗaya tak. In ta tsaya a P0302, musanya buji haka nan. In har yanzu tana nan, saura enjekta ko matsin silinda, wannan kuma aikin garaji ne. P0300 da ta zo kwana ɗaya ko biyu bayan ka sha man kwalba a bakin hanya, fara zargin man. Ba duka ƴan ruwa-ruwa ke sayar da gurɓatacce ba, amma jarka da kwalba suna tara ruwa da yashi, musamman da damina. Shi ya sa na ce ka riƙa rubuta inda ka sha mai.

In fitilar tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, tsallaken wutar ya yi tsanani, ɗanyen mai yana zuba cikin salansa yana ƙona kataliza, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Sassauta, ka nemi wuri ka tsaya.

P0128, ko P0125 a wasu Toyota, tana cewa injin ba ya kai zafin da ya kamata. Dalilin a wurinmu sananne ne: mota na isowa ake cire mata tamostat, wato abin da ke tare ruwa har sai injin ya yi zafi, wai ƙasarmu da zafi. Ni ban yarda da wannan al'ada ba. Injin da ba ya kai zafinsa, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara masa mai. Ka sha mai da yawa, buji ya yi baƙi, man juyen injin ya tsinke. Hau titin Gidan Rumji wani ya riƙe maka wayar yana kallon zafin ruwa. In yana yawo a 60 ko 70 kana gudu, tamostat babu ko ya maƙale a buɗe. Motar da ke tafasa kuwa, lagireto da fanka da murfinsa za a duba, cire tamostat ɓoye ciwon kawai yake yi.

P0420 ta kataliza ce. Motoci da dama an fafe musu ita tun kafin su iso hannun mai su, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Motar za ta yi tafiya, amma fitilar ba za ta mutu ba, kuma illar ita ce ranar da sabuwar matsala ta zo ba za ka sani ba. In haka taka take, ka riƙa soka na'urar duk wata. P0442 da P0455 na tururin tanki ne, fara da murfin tankin, ka duba robarsa ka ɗaure shi da kyau. P0335 da P0340 na sensoshin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa juyin injin ne. Su ne ke sa mota ta mutu in ta yi zafi, ta tashi in ta huce. Da irin wannan lambar kada ka kama hanyar Dakoro. Masu Hilux na zamani da sauran masu gazuwal, P0087 tana cewa matsin mai ya yi ƙasa: canza matatar gazuwal, ka zubar da ruwan da ya taru a gindinta. Bututun ƙarfe na enjekta kuwa kada ka sassauta su injin yana ci, matsin da ke ciki yana huda fata.

Bayan gyara

Yanzu ne lokacin gogewa. Makulli a kunne, injin a kashe, ka danna. Mutuwar fitila a wannan lokacin ba shaidar komai ba ce, domin wasu lambobin sai ƙwaƙwalwa ta ga laifin a tafiya biyu kafin ta sake kunna ta. Yi kwana biyu ko uku kana hawa, cikin gari da kan babban titi, sannan ka sake karantawa, har da lambobin da ke jiran tabbaci. In za ka yi doguwar tafiya, Yamai ko Damagaram ko Kano, ka yi binciken mako ɗaya kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma duk lokacin da ka gama, zare na'urar. Tana shan wuta ko mota a kashe take, in ta kwana biyu a ciki tana iya sauke batir mai rauni.

In za ka sayi mota

Ka tafi da ita a aljihu. Bayan lambobi, akwai shafin da ke nuna gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta, na kataliza, na sensar salansa da sauransu. In babu lamba ko ɗaya amma yawancin gwajin suna nuna ba a kammala ba, an goge kwanan nan, ko an cire batir. Motoci da yawa ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Ka nemi a ba ka ita ku yi tafiyar rabin awa, ka sake karantawa. In motar tana ba da lambar shasi ta na'ura, gwada ta da wadda ke jikin takardu.

Inda hannunka zai tsaya

Jakar iska, da birkin ABS, da saita sabon makulli, da sake rubuta ƙwaƙwalwa, ka bar wa masu babbar na'ura da suka san aikin. Wayoyi masu soket ruwan ɗorawa na jakar iska ne, kada ka gwada su da mita. Fitilar man injin da ta zafin ruwa, jajayen nan, ba su jiran na'ura: in sun kama, kashe injin a inda kake. Kuma ka sani akwai abin da na'ura ba ta gani sam, kamar ƙarar ƙafa, da kulocin da ya cinye, da yoyon mai, da bel da ya kusa tsinkewa. Waɗannan sai ido da kunnen bakanike.

Ranar da za ka je wurinsa, kada ka shiga da cewa na'ura ta ce a canza kaza. Gaishe shi, ka miƙa masa littafin, ka ce: "Maigida, ga lambar da ta fito, ga lokacin da take yi, ga abin da na riga na duba." Ka roƙe shi ya gwada abin kafin a saya, in an canza kuma a ba ka tsohon ka riƙe. Kafin ka bar garajin ka soka na'urarka a gabansa, ku kalli zafin ruwa da LTFT tare, ka rubuta alƙaluman a ƙarƙashin na farko da kwanan watan ranar.